Wuta, Iska da Kifin Bakolori

 Sharhinmu na yau a gindin murhun banda za mu yi shi. Da masuntan Bakolori da na Tafkin Natu nake son mu yi zancen, da iyayenmu mata da ke kwana suna juya kifi a kan raga, da masu balangu na bakin tasha, sai kuma maƙera da masu walda tun daga Talata Mafara har Ruwan Gizo, domin wani ɓangare na gyaran a hannunsu yake.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, su ya sauya kama a wannan yanki. Fadamun da ke ƙasa da dam, waɗanda ambaliya ke cikawa duk shekara ta bar kifi a tafkuna da ƙoramu, sun ragu ƙwarai, su kuma ya koma kan babban tafkin da ya taru a ƙasar Maradun. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, bargi, duk ana kamawa. To amma kifi ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne, kuma a zafin bazararmu, wanda aka kama da asuba in ya kai la'asar ba a yi masa komai ba, hanci zai ba da labari. Wutar lantarki ba ta tsayawa balle a dogara da ƙanƙara. Saboda haka banda ce firjinmu, ita ke kai kifi kasuwar Talata, ita ke kai shi Gusau da Sakkwato a cikin kwali.

Yadda akasari muke yi kowa ya sani. A yanke gangar ƙarfe ko a gina murhun laka, a hura wuta a ƙasa, a ɗora raga a sama, a jera kifi, sannan a lulluɓe da kwali ko tsohon kwano ko buhu don kada hayaƙi ya gudu. In hayaƙin ya turnuƙe har maƙwabta suna tari, sai a ce aiki na kyau. Ni kuwa abin da nake son in faɗa yau shi ne, wannan farin hayaƙi mai kauri da muke tsarewa kamar dukiya, shi ne ke ɓata mana kifi, yana cinye mana itace, yana kuma cin idanun matanmu.

Bari mu bi abin a sannu. Itace in ya ji zafi, kafin ya zama garwashi, yana fitar da tururi da wasu iskoki masu kamawa da wuta. In iska ta wadata, waɗannan iskoki sai su kama, su zama harshen wuta, abin da ya rage ya fita siriri, shuɗi-shuɗi, har wani lokaci sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. A cikin wannan siririn hayaƙi ƙamshin banda yake, a cikinsa kuma sinadaran da ke hana kifi saurin lalacewa suke. In kuwa aka shaƙe wuta, aka hana ta iska, iskokin ba sa ƙonewa. Sai su fito a matsayin farin hayaƙi ko toka-toka, ɗauke da kunkunniya da wani abu mai danƙo kamar kwalta, su bi jikin kifi mai sanyi da laima su manne. Daga nan ɗacin nan yake zuwa, wanda uwargida ke wanke kifi da ruwan zafi sau biyu sau uku amma miya ta fito da shi. Daga nan baƙin nan yake zuwa, wanda ke sa mai saye ya rage kuɗi.

Akwai illa ta biyu, wadda ta fi wannan muni don ba a ganinta. Tarwaɗa kifi ne mai kitse. In tana bisa wuta kai tsaye, manta na ɗiga kan garwashi, wuta ta yi tsalle, wani hayaƙi ya taso ya koma jikinta. Masana abinci sun daɗe da tabbatar da cewa irin wannan hayaƙi na kitsen da ya ƙone yana ɗauke da sinadaran da ke iya jawo ciwon daji in ana cin su yau da gobe. Tarayyar Turai ta sa iyaka mai tsauri a kan waɗannan sinadarai a cikin kifi da naman banda, ta ƙara tsaurara ta a 2014, kuma kifin banda na Afirka ta Yamma ya sha faɗuwa a wannan jarrabawa. Wani zai ce ina ruwana da Turai, ni kasuwar Bakura nake kaiwa. Gaskiya ne, amma cikin ɗan Bakura bai fi na Bature ƙarfi ba.

To mene ne magani? A raba ɗakin wuta da ɗakin kifi. Wuta a gefe, kifi a gefe, iska ce manzo a tsakaninsu.

Wannan dabara ta yi suna a Amurka, a jihohin Texas da Oklahoma, inda masu walda na wuraren haƙar mai suka riƙa yanka manyan bututu da tankuna suna haɗa murhun gashi. Babban bututu a kwance, nan nama yake. Ƙaramin akwati a manne a gefe, ɗan ƙasa kaɗan, nan wuta take. Doguwar mafitar hayaƙi a ɗaya ƙarshen. Ba fanka, ba inji. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka tana hawa bututun ta fita sama, fitarta kuma ita ke janyo sabuwar iska ta ƙofar akwatin wuta. Iskar ta ratsa garwashi ta ɗauki zafi, ta bi ta kan naman, ta fita. Muddin wuta na ci, wannan ja ba ya tsayawa. Duk macen da ta taɓa gyara zaman duwatsun murhu don wuta ta daina hayaƙi ta riga ta san rabin ilmin.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A ƙasar Gana, a wata unguwar masunta ta birnin Akra mai suna Chorkor, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta ƙasar sun haɗa kai da matan unguwar a 1969 suka fito da murhun da ake jera tire-tire na raga a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Ya rage cin itace sosai, ya bazu a ƙasashe da dama. Sai dai wutar tana nan a ƙarƙashin kifin, mai yana ɗiga a kanta, kuma bincike daga baya ya nuna sinadaran nan masu cutarwa suna da yawa a kifinsa. Shi ya sa a 2008, a Thiaroye ta ƙasar Sanigal, wannan hukuma ta sake fitowa da wani samfurin, wanda ke da faranti mai tare mai kafin ya taɓa wuta, da wurin haɗa hayaƙi a waje, a tace shi kafin ya isa ga kifi. A gida Nijeriya ma, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa kusa da Kainji, da cibiyar binciken adana amfanin gona da ke Ilori, duk sun ƙera nasu. Kowa ya bi tasa hanya, amma wuri ɗaya suka ɓulla: kada kitse ya taɓa wuta, kada wuta ta rasa iska.

Yanzu Malam mai walda, matso kusa da rediyo.

Gangar ƙarfe mai lita 200 ita ce a hannun kowa. Kwantar da ita a kan ƙafafu, ka yanka mata ƙofa a gefe, ka sa raga a tsakiya. Akwatin wuta ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na girmanta, wato lita sittin zuwa saba'in. In ya yi ƙanƙanta, wuta ba ta da wurin numfashi, kuma sai an yi ta faskara itace ƙanana-ƙanana. In ya yi girma ainun, itace zai yi ta tafiya a banza. Ka manna shi ƙasa da gangar, yadda samansa zai zo ƙasa da layin raga, don zafi hawa yake yi, ba ya son a sa shi gangara. A cikin akwatin ka sa wasu sandunan ƙarfe da itace zai hau, toka ta zube ƙasa, iska ta shiga ta ƙarƙashin garwashi. Ƙofar iskar a ƙasa take, da ɗan marfi mai zamewa.

Maƙogwaron da ya haɗa akwati da ganga kada ka matse shi. Ya fi bakin bututun fita faɗi. A bakinsa ta ciki ka karkata wani farantin ƙarfe da zai tura zafi ƙasa ya bazu, in ba haka ba kifin da ke kusa da wuta zai ƙone alhali na can ƙarshe bai ko yi gumi ba. A ƙasan gangar ka huda ɗan rami a ɓangaren da ke nesa da wuta, ka ɗan karkata ta wajensa, mai ya gangara cikin gwangwani.

Sai bututun hayaƙi, inda mafi yawan masu ƙira ke yin kuskure. Hannu yana son ya dasa shi a saman ganga, tunda an saba ganin hayaƙi na fita ta sama. In ka yi haka, zafi zai fito daga maƙogwaro ya bi rufin ganga ya fice, ya bar kifin a ƙasa cikin sanyi. Dasa shi a ƙarshen gangar, bakinsa daidai da layin raga, don iska ta tilasta bi ta jikin kifi kafin ta sami mafita. Faɗin inci huɗu ya isa wa ganga irin wannan, tsawo kuma ƙafa biyu zuwa uku. In ka hura wuta ka ga hayaƙi na dawowa ta ƙofar akwati yana dukan fuskarka, ja ya yi rauni: ko bututu ya yi gajere, ko ya yi siriri, ko kuwa ƙofar ganga na yoyon iska. Gwajin ba ya bukatar na'ura. Kunna ɗan tsinke ka riƙe a bakin ƙofar iska. In harshen wutar ya karkata ciki, murhu na ja.

Ga ƙa'idar da nake roƙon kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Bakin bututu a buɗe yake, kullum. In zafi ya yi yawa, ba a toshe mafita, ba a kuma shaƙe wuta har ta koma hayaƙi. A rage itace. Ƙaramar wuta mai ci da harshe ta fi babbar wuta da aka danne. Mutum in yana son rage gudun jakinsa ba ya toshe masa hanci, linzami yake ja, kuma linzamin murhu shi ne yawan itacen da ka sa da ɗan marfin ƙofar iska. A fara da tara garwashi mai kyau, a bari farin hayaƙin farko ya wuce, ƙarfe ya ɗumama, sannan a jera kifi. Bayan nan a riƙa ƙara itace ɗaya-ɗaya, siriri, busasshe, wanda zai kama nan take. Wanda za a sa nan gaba a ajiye shi bisa akwatin wuta ya sha ɗumi.

Amma fa kada mu kwafi Amurkawa ido rufe, don bukatarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Su nama suke dafawa a hankali, awa goma ko fiye, a zafin da bai wuce digiri 110 zuwa 135 ba, suna son ya fito da laushi da romo a ci a ranar, har kwanon ruwa suke sawa a ciki don kada ya bushe. Mai balangu zai iya bin wannan kusan yadda yake, kuma zai ga bambanci a ƙirjin sa da haƙarƙari. Mai banda kuwa ruwa yake kora. Kifin da aka yi wa banda ta awa ɗaya ko biyu, wanda kusan rabin nauyinsa har yanzu ruwa ne, kwana ɗaya zuwa uku yake yi. Wanda aka busar har ruwan jikinsa ya sauko kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari shi ke yin watanni. Wannan ruwa kuwa ba inda zai bi sai bututu. Ka ga ke nan lulluɓe kifi da kwali da buhu tsare tururi ne a kansa, ana so ya bushe ana kuma hana laimar fita.

Don haka aikin hawa-hawa ne. A wanke kifi, a cire hanji, a ɗan sa gishiri in mai saye na so, a bar shi a inuwa ya tsane, don jiƙaƙƙen kifi shi ke kama kunkunniya. A fara da zafi kaɗan da iska mai yawa har fata ta bushe. Sannan a ɗaga wuta ya dahu har ƙashi. Sannan a sassauta, a bar shi a kan garwashi ya yi ta bushewa. Mai gaggawar da ya buɗe wa kifi wuta tun farko, fatar ce ke ƙanƙamewa ta rufe ruwa a ciki. A waje ya yi kyau, bayan kwana huɗu a fasa a tarar da tsutsa. Irin wannan kifi ne ke kai wasu ga yayyafa maganin ƙwari a cikin kwali, wanda kuma zunubi ne da ba shi da uzuri, don guba ce ake sayar wa Musulmi da sunan abinci. Kifin da ya bushe yadda ya kamata, ana kuma mayar da shi kan wuta lokaci-lokaci, ba ya bukatar wannan.

Maganar itace kuma. Kirya da marke da bagaruwa su ne sarakan garwashi, kowa ya sani, suna daɗewa suna ci ba tare da hayaniya ba. To ina suke yanzu? Kirya ta yi nisa, maƙera da masu gawayi sun gama da na kusa, kuma halin da dazukan Maradun da kewaye suke ciki na rashin tsaro ya sa shiga daji neman itace ya zama sai da addu'a. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Tsadar itacen da hakan ya jawo ita ce babbar hujjar gyara murhu, don duk farin hayaƙin da ka gani yana tashi, itacen da ka saya ne ke tafiya bai ba ka zafi ba. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, wutar sai ta gama dafa shi kafin ta waiwayi kifi. Darbejiya tana ko'ina amma mutane da yawa na kukan ɗacin hayaƙinta, gara a bari ta zama garwashi tukuna. Totuwar masara tana yi. Ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a bakin injina albarkacin noman rani na Bakolori, shi kaɗai ba ya ci da harshe, turnuƙewa yake yi, sai dai a barbaɗa kaɗan kan garwashi a ƙarshe don launi. Abin da ba a yarda da shi ba ko kusa: leda, roba, tsohuwar taya, tsumma, katako mai fenti. Kuma kada a tada wutar banda da kananzir ko fetur.

Ita gangar ma sai an tambayi tarihinta. Wadda aka zuba maganin feshi ko wani sinadarin da ba a sani ba, a bar ta. Wadda ta ɗauki fetur, kada a kusance ta da wutar walda sai an wanke an cika ta da ruwa, don tururin man da ya rage a ciki yana fashewa, kuma an yi asarar rayuka ta haka a wurare da dama. A ƙone ta da babbar wuta fenti ya fita kafin abinci ya shiga. Kwanon rufi mai ƙyalli kada ya zama akwatin wuta, abin da aka shafe shi da shi yana tashi in ya ji zafi sosai, yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon wa'azi kan gubar da ido ba ya gani ba. Abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010 ya ishe mu, don haka ko laka za a ɗiba, kada a ɗebo ta inda ake niƙa ko wanke duwatsun zinariya.

Tunda na ambaci laka, bari in faɗi ra'ayina. Ganga tana da kyau ga mai balangu da ke son abin da zai tura zuwa tasha, da mai gida da ke son gyara naman layya. Amma ƙarfenta siriri ne. In iskar hunturu ta buso, zafi na zubewa ta jikinta, ga tsatsa da ke cinye ta cikin 'yan shekaru, ga shi kifin da take ɗauka kaɗan ne. Mai sana'ar banda, laka ta fi masa. Mu da muke gina rumbu da tanderun burodi, ɗakin wuta a gefe ba zai gagare mu ba. A gina ɗakin kifi da tubali, a jera raga hawa uku ko huɗu, a gina ɗan ɗakin wuta a gefe ƙasa da shi, a haɗa su da rami, a sa farantin ƙarfe ƙarƙashin ragar ƙasa ya tare mai ya kuma raba zafi. A irin wannan mai hawa-hawa mafitar a sama take, tunda dole iska ta ratsa dukkan ragogin kafin ta kai can, sai dai a riƙa sauya musu wuri, na ƙasa ya koma sama. Laka tana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka tana riƙewa. Abin da za a saya wurin mai walda bai wuce ƙofa da raga da faranti da bututu ba. A juya ƙofar wuta ta kauce wa iskar gabas ta hunturu, a kuma ɗaga bututu ya wuce tsayin mutum, don matar da ke aikin ta daina kwana da jan ido da tari, da goyo a bayanta yana shaƙa tare da ita.

Na san abin da wasu ke cewa yanzu: masu saye sun saba da baƙin kifi, in suka ga ja-ja mai ƙyalli za su ce bai ji wuta ba. Akwai gaskiya a ciki, sabo yana da ƙarfi. Kuma murhu mai wuta a gefe yana son a tsaya a kansa, ba a cusa masa kututture a tafi barci. Amma a ba mai saye ya ɓalla ya ɗanɗana. Wanda ya ci tarwaɗar da ba ɗaci, ba yashin toka a haƙori, zai nemi mai ita mako mai zuwa.

Kirana ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura: kuna da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu, kuna da wuraren walda. Ku gina samfuri ɗaya na laka, ɗaya na ganga, ku auna itacen da kowanne ya ci da kifin da ya fitar, ku kai su bakin dam ranar da masunta ke fitowa, a gani da ido. Sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta, ku nemi wannan da bakinku, kada ku jira a kawo muku. Ke kuma Inna mai banda, kafin a kai ga sabon gini, gobe in kin hura wuta ki gwada abu uku: busasshen itace, ɗan faranti tsakanin garwashi da raga, sannan ki ɗaga kwalin nan ki bar wa hayaƙi hanya.